Gurɓataccen Mai a Yankin Konni: Arahar da Ake Biya a Gareji

Tattalin arzikin gundumomin Birnin Konni da Malbaza da Illela, a jihar Tawa, ya rataya ne a kan inji, tun daga tirelolin da ke jigilar simintin Malbaza da albasar Galmi a kan babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, da motocin haya da ke bi ta Badagishiri zuwa birnin Tawa, har zuwa baburan 'yan kabu-kabu da injinan ban-ruwan masu noman rani. Saboda haka ingancin man da ake zuba wa waɗannan injina ya shafi abincin dubban gidaje kai tsaye.

Shekaru da dama yankin ya saba da man ruwa-ruwa, wato fetur ɗin da ake shigo da shi ta ɓarauniyar hanya daga Najeriya ana sayarwa a kwalabe da jarkoki, saboda tallafin da gwamnatin ƙasar ke bayarwa a wancan lokacin ya sa ya fi na gidan mai araha. Sau da yawa man kan baro inda aka sayo shi da ingancinsa, sai dai ya lalace a hanya, inda ake juye shi cikin jarkokin da ba a wanke ba, ƙurar hunturu da ruwan damina su shige shi, rana ta busar da sassansa masu saurin kamawa da wuta, wani kuma ya surka shi da kananzir don ya ƙara auki.

Kowane irin gurɓata yana da ɓarnar da yake yi. Kananzir yana rage awon da masana ke kira oktan, wato juriyar fetur ga matsi kafin ya kama da wuta, don haka man sai ya fashe ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda, injin ya riƙa ƙwanƙwasa yana zafi, har fistin da zobbansa su sami lahani. Abin da bai ƙone ba kuma yakan wanke baƙin man da ke hana ƙarfe gugar ƙarfe, ya gangara ya tsinka shi, ya bar baƙin dauɗa a kan fulogi. Ruwa kuwa, da yake ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a gindin tanki ya haifar da tsatsa, wadda ke toshe matacin mai da kabireta, ko ƙananan kafofin da ke fesa mai a motocin zamani. A injin gazuwal lamarin ya fi tsada, domin santsin man ne ke kare famfon da ke tura shi, kuma kananzir ba shi da wannan santsi. Illar ba ta bayyana a ranar da aka sha man, shi ya sa mai mota kan ɗora laifin a kan tsufan inji ko a kan makanike.

Gidan mai ma bai tsira daga wannan haɗari ba. A watan Fabrairun 2022 kamfanin mai na Najeriya, NNPC, ya tabbatar da cewa an shigo da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, sinadarin da ke cin robobin hanyoyin mai yana kuma janyo ruwa, kuma sai da man ya shiga kasuwa aka gano shi. Darasin a fili yake: idon mai saye ba ya iya tantance mai, sai awo.

Al'amura sun sauya tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Najeriya ta janye tallafin fetur, sannan a Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499. Jama'a suka koma gidajen mai, amma matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ta kasa biyan buƙatar da ta ƙaru, kamar yadda ƙarancin man watan Maris na 2025 ya nuna, kuma duk ranar da famfo ya ƙafe kasuwar kwalba ce ke cin riba.

A ra'ayin wannan jarida, farautar 'yan ruwa-ruwa kaɗai ba za ta magance matsalar ba muddin ƙauyukan yankin ba su da wurin sayen mai sai a hannunsu. Wajibi ne kamfanin SONIDEP, wanda alhakin wadata ƙasa da mai ke wuyansa, ya tabbatar da cewa man bai yanke wa gidajen man yankin ba, hukumomi kuma su kafa wurin awon mai a Konni, su riƙa ɗibar samfuri daga famfo da kwalba ba tare da sanarwa ba, su bayyana sakamakon a gidajen rediyo da harshen Hausa, su hukunta wanda aka kama da surki kowane ne shi. Ƙungiyoyin direbobi da na makanikai da na manoman albasa su ne suka fi cancanta su matsa lamba a kan haka, tun da aljihun membobinsu ne ke biyan kuɗin gyaran.