Kafin ka kai manhajarka Sharada ko Bompai, zare mata filogi ka gani

Duk matashin da ya koyi rubuta manhaja a Kano, ko ta YouTube ko ta wayarsa, wata rana zai ji an ce masa wani kamfani a Sharada, Challawa ko Bompai yana neman wanda zai yi masa manhajar sito. Aikin kusan iri ɗaya ne ko'ina: kayan da suka shiga, kayan da suka fita, bashin diloli, rasit, albashin ma'aikata. Ko kamfanin roba ne, ko majemar fata, ko injin shinkafa, abin da suke saye a hannunka shi ne rumbun bayanan da ba zai yi musu ƙarya ba.

Ra'ayina shi ne yawancinmu muna ɓata ƙarfinmu inda bai kamata ba. Sai mu kwana muna gardama kan Flutter da React, ko wane launi zai fi kyau a allon farko, alhali abin da zai tona asirin manhajar shi ne ɗaukewar wuta da yankewar sabis. Manhajar da ba ta iya jure waɗannan biyun ba, ba a gama rubuta ta ba, komai kyanta.

Masu bidiyon da muke koyo a wajensu suna zaune ne inda wuta ba ta ƙiftawa. Mu kuwa a nan, ko layin da KEDCO ta sa a rukunin Band A, wanda hukumar NERC ta ɗaga kuɗinsa zuwa Naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, alƙawarinsa awa 20 ne a rana. Sauran awannin na janareta ne, kuma tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta akwai 'yan daƙiƙu da kwamfutar da ba ta da UPS za ta mutu. A ƙarshen Oktoban 2024 Kano da jihohin Arewa da dama sun shafe sama da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Intanet ma haka: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya rikice a Najeriya, har da na wasu bankuna. A irin wannan yanayin manhajarka za ta yi aiki, don haka da shi za ka tsara ta.

Ɗauki misali. Wani dila daga Kasuwar Singa ya sayi katan 200. Manhajarka za ta yi abu uku: ta rage katan 200 daga sito, ta rubuta rasit, ta ƙara kuɗin a kan bashin dilan. Idan wuta ta ɗauke bayan mataki na farko, kayan sun fita daga lissafi, babu rasit, babu bashi. Ƙarshen wata akanta zai ga giɓin katan 200. Ba kai za a fara kira ba. Sitokipa za a tsare da tambaya, mutumin da wataƙila ya yi shekaru yana riƙe da amana, kuma yana iya rasa aikinsa da mutuncinsa saboda layin kod biyu da ba ka rubuta ba.

Layukan nan su ne BEGIN da COMMIT. Ka ɗaure matakan uku a ƙulli guda: ko dai duka su shiga, ko kuma babu wanda ya shiga. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, rumbun da kansa zai mayar da komai yadda yake a baya idan ya tashi. PostgreSQL da SQLite suna yin wannan. MySQL ma yana yi, amma sai teburinka yana kan injin InnoDB. Tsohon injin MyISAM bai san wannan ƙullin ba, kuma har yanzu ana samunsa a tsofaffin manhajoji da ake kwafowa daga intanet. Rubuta SHOW TABLE STATUS ka duba wanne kake kai.

Sannan ka gwada da hannunka, domin gani ya kori ji. Samu kwamfutar gwaji mai bayanan ƙarya, ka sa manhajar tana zuba ciniki ɗaya bayan ɗaya, ka zare filogi tana tsaka da aiki. Idan laftof ce, danne maɓallin kashewa har ta mutu. Kunna, ka lissafa: kayan da suka fita sun yi daidai da rasit? Maimaita sau goma. Bayan haka kashe datar wayar ana cikin tura ciniki, ka ga abin da zai faru idan mai saye ya sake danna maɓallin. Idan cinikin ya shiga sau biyu, ba kowane ciniki lambarsa ta musamman tun daga kan wayar, ka sa wa gurbin lambar dokar UNIQUE don rumbun ya ƙi karɓar maimaici.

Game da kayan aiki, da tsohuwar zuma ake magani. Idan mutum ɗaya ne zai yi amfani da manhajar a waya ko kwamfuta guda, SQLite ya isa. Richard Hipp ne ya fitar da shi a shekarar 2000, kuma yana cikin kowace wayar Android da iPhone; saƙonninka na WhatsApp ma a cikinsa suke zaune. Sai dai kada ka ajiye fayil ɗinsa a foldar da kwamfutoci da yawa ke buɗewa ta netwok, masu shi da kansu sun yi gargaɗi a kan haka. Idan akanta da sitokipa da mai gadin ƙofa duk za su riƙa rubutu lokaci guda, kafa PostgreSQL ko MariaDB a kwamfuta ɗaya cikin kamfanin, da UPS ɗinta, sauran su haɗu da ita ta rauta. Wannan tsarin ba ya buƙatar intanet kafin tirela ta fita daga get. XAMPP kuwa na gwaji ne a ɗakinka, ba na riƙe dukiyar kamfani ba.

Na san masu cewa a sa komai a Firebase ko AWS a huta. Suna da hujja: can ba a ɗauke wuta, ɓarawo ba ya ɗauke saba, kuma Alhaji zai iya duba cinikinsa daga Dubai. Amma kuɗin hayar da dala ake ƙayyade shi, kuma tun da aka saki Naira a Yunin 2023 dala ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Wanda ya yi wa kamfani farashi kafin nan ya san yadda lissafinsa ya ƙare. Shawarata ita ce aikin yau da kullum ya zauna a cikin kamfani, intanet ta zama wurin tura kwafi da rahoto idan sabis ya samu.

Wannan ya kawo mu ga kwafin ajiya. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanansu na ainihi bisa kuskure. Da suka juya ga hanyoyin ajiyarsu guda biyar, sai suka tarar babu wadda ke aiki yadda suka zata, suka yi asarar bayanan kusan awa shida. Ƙwararru ke nan. Darasin shi ne kwafin da ba ka taɓa gwada dawo da shi ba, fata ne kawai kake yi. Sa pg_dump ko mysqldump ya riƙa gudu da kansa kowace rana kafin a tashi aiki. Ajiye kwafi uku: ɗaya a sabar, ɗaya a wata ma'ajiya daban, ɗaya a wajen ginin gaba ɗaya, domin gobara ba baƙuwa ba ce a kasuwanni da masana'antun Kano. Sau ɗaya a wata ka dawo da kwafin a wata kwamfuta ka buɗe shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma ƙananan abubuwa na gida da bidiyon Turawa ba zai gaya maka ba. Kada ka ajiye kuɗi a gurbin FLOAT. Buɗe Python ko JavaScript ka tara 0.1 da 0.2, za ka ga 0.30000000000000004. Ajiye kuɗi da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, ko ka yi amfani da DECIMAL. Lambar waya rubutu ce, idan ka ajiye ta a matsayin adadi sifirin farko zai gudu. Saita rumbunka a kan UTF-8, wato utf8mb4 a MySQL, in ba haka ba sunan Ɗanladi da Ƙasimu da alamar ₦ za su koma alamar tambaya a kan rasit. Sannan ka zauna da sitokipa ka tambaye shi ma'auninsa: katan, dozin, dila, bandir, buhu. Guda nawa ne a katan ɗin wannan kayan? Ajiye komai da ƙaramin ma'auni, manhaja ta riƙa juyawa. Rabin giɓin da ake ɗora wa kwamfuta daga nan yake fitowa.

Idan ka tarar kamfani yana kan Excel, kada ka raina su, amma ka san iyakarsa. A 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta bar sakamakon gwajin korona kusan 16,000 bai shiga ƙidaya ba, saboda tsohon tsarin fayil ɗin Excel ba ya wuce layi 65,536. Microsoft Access ma fayil ɗinsa ba ya wuce gigabait 2.

To, idan matsala ta faru aka kira ka, ga tsarin da nake ganin ya fi. Da farko ɗauki kwafin rumbun yadda yake kafin ka taɓa komai. Na biyu karanta kundin kurakurai, wato log; amsar tana yawan zama a layukan ƙarshe, kuma sau da yawa ba ta wuce ma'ajiya ta cika ko agogon kwamfuta ya koma baya saboda batirinsa ya mutu. A Android akwai Logcat, a SQLite akwai PRAGMA integrity_check. Na uku ka sa matsalar ta sake faruwa a kwamfutar gwaji. Idan nauyi manhajar ke yi bayan shekara guda, kafin ka ce a sayi sabuwar kwamfuta sa EXPLAIN a gaban tambayarka. Galibi za ka ga rumbun yana bin layi dubbai ɗaya bayan ɗaya saboda babu fihirisa a kan kwanan wata ko lambar dila. Kuma duk UPDATE ko DELETE da za ka yi da hannu, fara gwada sharaɗinsa da SELECT ka ga layi nawa zai shafa. DBeaver da DB Browser for SQLite kyauta ne, Git ma haka, kuma wanda ba shi da laftof zai iya koyon SQL a wayarsa ta Termux.

ChatGPT da 'yan uwansa suna taimakawa wajen fassara saƙon kuskure, ni ma ina amfani da su. Amma tura musu saƙon kuskuren kawai, ban da sunayen diloli, lambobin wayarsu da albashin ma'aikata. Tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, kuma ko babu doka, amana ce aka ba ka.

Abu na ƙarshe: kada manhajarka ta bari a goge ciniki ba tare da ya bar sawu ba. Idan an yi kuskure a rubuta sabon layi na gyara, da sunan wanda ya yi da lokacin. Wannan yana kare mai kamfani daga ha'inci, yana kare ma'aikaci mai gaskiya daga ƙazafi, kai ma yana kare ka ranar da za a ce manhajarka ce ta cinye kaya.

Masu masana'antun nan sun san juna, kuma labari yana saurin zagayawa tsakanin Bompai, Sharada da Challawa. Idan manhajarka ta riƙe lissafi daidai cikin duhu da rashin sabis, su da kansu za su kai sunanka kamfani na gaba. Allah ya ba mu sa'a.