Ba Wuta Kaɗai Ke Sa Tela Saɓa Alkawari Ba

Da zarar Sallah ta ƙarato, zance biyu ake ji a Rigasa. Mai kaya ya ce teloli maƙaryata ne, tela ya ce NEPA ce ta hana shi aiki. Daga nan kowa ya rungumi haƙuri, kamar babu wani abin yi. Ni ban yarda ba.

Ba na musun matsalar wuta, balle tsadar fetur tun da aka cire tallafi a 2023. Amma leƙa shagon ɗinki ka ga yadda ake zaɓen abin da zai hau keke. Wanda ya fi ɗaga murya, ko alhajin da ya aiko direba, shi ne a gaba. Babbar riga mai cin kwana uku ta tare keke, kaftanin yara biyar na jibge a ƙasa. A faranta wa mutum ɗaya, a ɓata wa gida biyar.

Masana lissafin masana'antu sun daɗe da warware wannan. A 1955 J. R. Jackson ya nuna cewa jera ayyuka bisa ranar alkawari, mafi kusa a gaba, shi ke rage jinkiri mafi muni. A 1968 J. M. Moore ya kawo abin da ya fi dacewa da mu: ka jera su haka, kana tara kwanakin da kowanne zai ci, da ka ga wani zai wuce ranarsa, ka cire mafi cin lokaci cikin waɗanda ka lissafa, ka mayar da shi ƙarshe. Lissafi ya tabbatar babu jerin da zai rage yawan masu makara fiye da wannan. Kuma tun ana saura mako uku ka san wanda za ka kira ka gaya wa gaskiya, ya nemi wani shagon.

Za a ce ai wannan na manyan kamfanoni ne masu kwamfuta. Littafi da biro sun isa. Ƙarancin wutar ma shi ya sa tsarin ya zama dole: awa huɗu idan aka samu, na aikin wuya ne da guga, a haɗa masu zare launi ɗaya wuri guda. Yanka da sa maɓalli su jira a ɗauke.

Ƙungiyoyin teloli na Rigasa su sa wannan cikin abin da ake koya wa yaran shago, tare da riƙon almakashi, kuma maigida ya daina karɓar shadda kafin ya buɗe littafinsa ya ƙirga kwanaki.