Tsofaffin finafinan yaƙi: a bar yara su kalla, amma da babba a kusa

Duk shekara idan 16 ga Satumba ta zagayo, ranar da Italiyawa suka rataye Umar Mukhtar a Suluƙ a 1931, sai fim ɗin Zakin Hamada ya dawo bakin mutane. A nan Manshiya ba a jiran talabijin. Wannan ya tura wa wancan a waya, kafin magariba rabin yaran layi sun kalla. Daga shi kuma sai a zarce zuwa 'yan'uwansa, tsofaffin finafinan yaƙin duniya na biyu da suka cika intanet, wasu da fassarar Larabci, wasu ko fassarar babu, harbin kawai ake bi.

Iyaye da malamai sun rabu biyu a kan abin. Wasu na cewa a hana baki ɗaya, yaran da suka taso a garin da aka sha jin ƙarar bindiga ba su buƙatar ƙari. Wasu na cewa fim ne kawai, me ya yi zafi? Ni a matsayina na malamin makaranta ban tsaya da ko ɗaya ba. Ina ganin a bar su su kalla, wasu ma a nuna su a aji, da sharaɗin akwai babba a kusa wanda ya san abin da fim ɗin ya faɗa da abin da ya ɓoye.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. Waɗannan finafinai sun san ƙishirwa. Ɗauki Sahara na 1943, wanda Humphrey Bogart ya fito a ciki. Labarin wasu sojoji ne 'yan ƙalilan da tankar yaƙi guda, sun ɓata a hamadar Libiya bayan faɗuwar Tobruk, kuma abin da ake faɗa a kansa daga farko har ƙarshe rijiya ce mai ɗigo kaɗan-kaɗan. Ko Ice Cold in Alex na 1958, inda mutum huɗu ke ƙoƙarin kai motar asibiti daga Tobruk zuwa Iskandariyya. Wurin da ya fi tsayawa a rai a fim ɗin babu harbi ko ɗaya: motar ce ta kasa hawa tudun rairayi, suna murɗa ta da hannu taku bayan taku, har ta kusa kaiwa sama ta sulale ta koma ƙasa, suka sake daga farko. Duk wanda ya biyo hanyar Agadez ta Dirku zuwa Gatrun, ko yake da ɗan'uwa da ya biyo ta, ba ya buƙatar a fassara masa wannan. A cikin mutum huɗun nan ɗaya ɗan leƙen asirin Jamus ne, sun gane shi, amma da yake tare suka sha wahalar hanya sai suka rufa masa asiri don kada a harbe shi. (Da giya suka rufe labarin, wannan kuwa malami sai ya yi nasa bayanin.) Akwai darasin haƙuri da amana a nan wanda finafinan yanzu, masu fashe-fashen kwamfuta kowane minti biyu, ba su da lokacin koyarwa.

To amma ka zauna ka ƙirga 'yan ƙasa nawa ka gani. A yawancin finafinan nan Libiya fili ce kawai da Turawa suka zo suka yi dambe a ciki. Ingilishi na da suna da uwa da budurwa a gida. Bajamushe ma, musamman Rommel, ana ba shi girmansa. Mai ƙasar kuwa, in ya fito, inuwa ce a kan raƙumi daga nesa. Shi Sahara ɗin ma a hamadar Kalifoniya aka ɗauke shi. Ya ɗan fi sauran, domin akwai Saja Tambul, sojan Sudan Musulmi wanda shi ya san inda rijiyoyi suke, kuma an nuna shi da mutunci fiye da yadda aka saba nuna baƙar fata a Amurka ta wancan zamani. Duk da haka aikinsa shi ne ya kai su ruwa, ya mutu, su su tsira.

Abin da ya fi damuna shi ne yaƙin nan ya ratsa ta ƙofar gidanmu, kuma waɗanda suka yi shi a nan kamarmu ɗaya da su. A ranar 11 ga Janairun 1941 ayarin sojan hamada na Ingila tare da wasu Faransawa da suka taso daga Chadi suka kai hari Murzuƙ, suka ƙona jiragen Italiya a filin jirgi, a nan Kanar d'Ornano ya mutu. A watan Maris na shekarar Leclerc ya karɓi Kufra. A Janairun 1943 rundunarsa ta shigo Sabha, aka sauya wa ganuwar nan da ke kan tudu suna zuwa nasa, Faransa ta riƙe Fezzan har 1951. Su wane ne sojojin Leclerc? Mafi yawansu baƙaƙen fata ne daga Chadi da maƙwabtanta, su suka tura motoci a rairayin Tibesti. Da aka zo kafa rundunar tankoki da za ta shiga Faris a 1944, sai aka cire su aka sa farare. Finafinan da suka biyo baya sun ƙarasa aikin: suka cire su daga labarin ma. Haka 'yan Arewa da aka kwasa a runduna ta 81 da ta 82 zuwa dajin Bama, a lokacin da Hausa ce harshen bariki. Kakanninmu ne, wasu sun dawo da lambar yabo da tari, amma yaro zai kalli fim ashirin na yaƙin bai ga fuska ɗaya irin tasu ba. Sai da Sembène Ousmane ya yi Camp de Thiaroye a 1988, Rachid Bouchareb ya yi Indigènes a 2006, sannan aka fara ganin sojan Afirka a tsakiyar hoto. Na biyun har ya taimaka wajen sa gwamnatin Faransa ta gyara fanshon tsofaffin sojojin mulkin mallaka, bayan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Aibi na biyu ya fi na farko haɗari ga yaranmu. A waɗannan finafinai mutuwa tana da tsabta. Mutum ya dafe ƙirji, ya faɗi kalma mai daɗi, ya rufe ido, kiɗa ya tashi. Mutum tara su tare ɗaruruwa kuma su yi nasara. Ba a nuna wanda ya rasa ƙafa yana bara bayan shekara goma, ba a nuna nakiyoyin da rundunonin nan suka binne a gabashin ƙasar nan suka tafi suka bari, makiyaya na takawa shekaru da dama bayan an sa hannu a takardar sulhu. Mutanen Sabha sun ga faɗa na gaske a 2012 da 2014 da 2018, sun san makaranta a rufe da asibiti cike. Amma ɗan shekara goma sha uku bai riƙe wannan sosai ba. Abin da yake gani shi ne saurayi da bindiga a bayan Toyota ana ba shi hanya, ga kuma fim yana gaya masa cewa mai bindiga shi ne namiji. A aji na lura, idan aka yi maganar fim ɗin yaƙi, sunan bindigar da samfurin tankar suke riƙewa, dalilin yaƙin kuwa babu mai tambaya.

Shi ya sa Zakin Hamada ya bambanta, kuma shi ya sa nake son a yi masa adalci ta fuska biyu. Mustafa Akkad, wanda ya yi Ar-Risala, ya fitar da shi a 1981 da kuɗin gwamnatin Gaddafi, kimanin dala miliyan 35. A karon farko mai ƙasa ne a tsakiya, Bature ne baƙo. Jarumin kuma tsoho ne mai tabarau, malamin allo da ke koyar da yara Alƙur'ani, wanda ya hana mutanensa kashe fursuna. Fim ɗin bai ɓoye sansanonin da Graziani ya tsare mutanen Jabal Akhdar ba, har ya sa hotunan gaske na lokacin, ya nuna wayar ƙaya da aka ja a iyakar Masar don a yanke wa mayaƙa abinci. Kuma jarumin bai ci nasara ba, rataye shi aka yi a gaban jama'arsa. Ya yi wa Italiya zafi har ta hana nuna shi a 1982, sai a 2009 aka sa shi a talabijin a can.

Amma shi ma yana da nasa. Anthony Quinn ne Umar Mukhtar, manyan matsayin 'yan Libiya baƙi ne suka hau, da Turanci aka yi shi kafin a ɗora muryar Larabci. Wanda ya biya kuɗin kuma shi ne ya kifar da Sarki Idris a 1969, don haka aka rage wa Sanusiyya matsayi a labarin, alhali Umar Mukhtar shehin zawiyarta ne, har ya zauna a Chadi yana yaƙar Faransawa kafin Italiya ta shigo a 1911. Fezzan ma kusan babu ita. Yaro zai gama kallo bai san cewa a ƙarshen 1914 mutanen yankin nan sun ƙwace ganuwar Sabha daga hannun Italiyawa ba, har sai a 1930 Graziani ya sake kama Murzuƙ.

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. Malamin tarihi ya nuna fim ɗin, ya tsayar da shi a tsakiya, ya buɗe taswira ya tambayi yara: ƙasar wa ce wannan, ina mutanenta suka shiga, wa ya biya kuɗin fim ɗin? Uba da ke kallo da 'ya'yansa ya gaya musu abin da kakansu ya ba shi labari. Masu fassara finafinai zuwa Hausa, da suka ƙware a na Indiya, su taɓa Camp de Thiaroye da Indigènes mana, kasuwa ba za ta ƙi su ba.

'Yan fim ɗinmu na Kano kuma, da ke cewa labari ya ƙare sai soyayya, ga Kawsan nan. Ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadez daga Disambar 1916 zuwa Maris na 1917, sai da aka turo sojoji daga Zinder, Ingilishi ma suka taimaka daga Najeriya, kafin a karya shi. Ya ja da baya ta hamada, aka kashe shi a Murzuƙ a 1919. Akwai raƙuma, akwai rijiyoyi, akwai cin amana, akwai malaman Agadez da Faransawa suka kashe bayan sun koma garin. Hanyar da ya bi ita ce wadda motocinmu ke bi yau, kuma jikokin waɗanda suka ga abin suna nan da ransu a Agadez da Murzuƙ, ana iya zuwa a tambaye su.