Bitamin D ba tsarabar ci-rani ba ce

A cikin kayan da ƴan ci-rani ke aiko wa gida daga Faransa, Beljiyam ko Ingila, bayan waya da turare, yanzu akan tarar da robar ƙwayoyin bitamin D. Niyyar mai kyau ce: ɗa ya ga likita ya rubuta masa a can, sai ya saya wa mahaifiyarsa da ke Maraɗi ko Tawa don ƙarfin ƙashi. Sai dai maganin da ya dace da mai zama a Turai cikin hunturu ba lalle ne ya dace da tsohuwar da ke yini a tsakar gida ba, kuma yawansa na iya lalata ƙoda.

Fatar mutum ce ke haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta. A Ingila, inda rana ke rauni daga Oktoba zuwa Maris, hukumar lafiya ta ƙasar na ba da shawarar shan maikurogiram 10 a rana, wato 400 a ma'aunin da ake rubuta UI ko IU a jikin kwali. Masu baƙar fata kuwa an shawarce su da su yi tunanin sha duk shekara. Don haka ɗan ci-ranin da ke sha bai yi kuskure ba.

Matsalar tana ga adadi. Hukumomin lafiya na Turai da Amurka sun sa iyakar baligi a kan 4,000 a rana. Amma a Faransa akwai ƴar kwalbar ruwan magani, ampul, mai ɗauke da 100,000, wadda ake sha sau ɗaya a jira watanni. Idan ta iso Damagaram ba tare da takardar likita ba, wani ya ɗauke ta kamar maganin gajiya yana sha kowane mako, cikin wata ɗaya ya zarce iyaka fiye da ninki uku.

Bitamin C idan ya yi yawa yakan fita ta fitsari. Bitamin D kuwa yana taruwa cikin kitsen jiki, ya daɗe, ya sa hanji ya riƙa jan sinadarin kalsiyam fiye da kima zuwa jini. Daga nan sai tashin zuciya, amai, taurin ciki, kasala, yawan fitsari da ƙishirwa. A zafin Afrilu da Mayu, wa zai zargi ƙwayar bitamin saboda ƙishirwa da kasala? Sai a ɗora wa rana laifi, a ci gaba da sha, har abin ya kai ga tsakuwar ƙoda, ruɗewar tunani ko rikicewar bugun zuciya. Ga wanda ya san ƙarancin cibiyoyin wankin ƙoda a Nijar, wannan ba abin wasa ba ne.

Hatsarin ya fi girma ga masu ciwon ƙoda, da masu shan wasu magungunan hawan jini da ke sa fitsari, da kuma jarirai. A watan Janairun 2021 hukumomin lafiya na Faransa sun yi gargaɗi bayan an samu jariran da suka kamu da rashin lafiya sakamakon ba su bitamin D fiye da kima.

Gaskiya ne ana samun ƙarancinsa ko a ƙasar rana, musamman ga waɗanda ba sa fita waje sosai, kuma rashinsa na lanƙwasa ƙafafun yara. Amma likita ne zai tantance, ta hanyar duba mutum da awon jini, ba bidiyon TikTok ko mai tallar magani a bakin tasha ba.

Ya kamata masu kantin magani su daina miƙa manyan ampul ba tare da takarda ba, ma'aikatar lafiya kuma ta faɗakar da jama'a ta gidajen rediyo. Ɗan ci-ranin da ke son lafiyar iyayensa, gara ya aiko da kuɗin ganin likita. Wanda kuma ya riga ya daɗe yana sha, ya ɗauki kwalin ya nuna wa likita ko ma'aikacin kantin magani, a lissafa masa nawa yake haɗiya a rana.