Hanyar Burji Ita Ce Uwar Kasuwa

Kwandon tumatirin da ake saukewa a Mile 12 ta Ikko ko Shasha ta Badun, sau da yawa a bayan keke yake fara tafiyarsa, daga gonakin Kadawa da kwarin kogin Haɗeja, bisa hanyar burji. Damina kan cinye hanyar, ramuka su farfasa kaya kafin a kai bakin kwalta. Hasarar manomi kuwa ita ke komawa tsada a Kudu.

Hukumar DFRRI ta 1986 ta buɗe irin waɗannan hanyoyi, amma rashin kulawa ya kashe da dama. Wajibi ne ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Kudu su matsa wa ƙananan hukumominsu lamba a zuba burji, a gina kwalbatoci tun da rani. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.