Na'ura ce za ta zaɓi ma'aikata? To, wa ya koyar da ita?

Wani tsohon ɗalibina ya tare ni a bakin makaranta yana ta murna. Wai kamfanin da ya nemi aiki ya ce kwamfuta ce za ta tace takardun masu nema. "Malam, shi ke nan, zamanin 'wa ka sani' ya ƙare!" Na gane murnarsa. Duk ɗan zango ya san yadda ake kai takarda ofis, a ce je ka za a kira ka, daga nan shiru kamar an shuka dusa.

Sai dai ni ban yi saurin taya shi murna ba. Ita wannan na'ura koya mata ake yi. Ana ɗura mata takardun waɗanda aka ɗauka a baya, ta gano abin da suka yi tarayya a kai, sannan ta riƙa ba sababbin masu nema maki gwargwadon kamarsu da waɗancan. Mu malamai mun san wannan hali: abin da ka rubuta a allo shi yaro zai kwafa, har da kuskurenka.

Kamfanin Amazon na Amurka ya gani a kwaryar shansa. A 2014 ya fara haɗa irin wannan manhaja, ya koyar da ita da takardun neman aiki na shekara goma, yawancinsu na maza. Sai ta ɗauka namiji shi ne ma'aikacin kirki, ta riƙa rage makin takardar da aka ambaci ƙungiyar mata a cikinta. Reuters ta fallasa labarin a 2018, kuma kamfanin ya watsar da manhajar.

Yanzu ka auna da namu. Babu wanda zai ce mata ta ƙi Musulmi, ba ta ma buƙatar a faɗa. Sunanka yana nan, adireshinka Nima ko Aboabo, makarantar da ka yi ita ma tana nan. In a da ba a cika ɗaukar masu irin wannan takarda ba, za ta koyi hakan da kanta. Yaron da ya makara shiga boko saboda karatun allo, ita giɓi kawai za ta gani. Ga kuma ciwon da ke damuna kullum a rajistar aji: Mohammed a wannan takarda, Muhammad a waccan.

Duk da haka ban ce a yar da ita ba. Zuciyar manaja ba ta buɗuwa, amma na'ura ana iya bincikarta, a ƙirga wa ta ɗauka, wa ta zubar. Birnin New York tun Yulin 2023 ya wajabta wa kamfanoni su sa mai bincike na waje ya gwada irin wannan manhaja, su kuma sanar da masu neman aiki cewa da ita ake tace su. Nan Gana muna da dokar kare bayanan jama'a tun 2012, da hukumarta. Me zai hana 'yan majalisarmu su nemi a ɗora irin wannan sharaɗi a kai? Sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa su ne ya kamata su fara kai musu maganar.

Shi kuwa yaron, na ce ya fara gyara sunansa ya zama ɗaya a duk takardunsa, sannan ya tura. In ba su kira shi ba, ya rubuta musu ya tambaya ko akwai ɗan Adam da ya duba takardarsa.