Dafni Ba Ta Ce Tana So Ba

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata tatsuniya ta Yunanawan dā wadda mutane da yawa kan sa cikin labarun soyayya. Mu kam mun ƙi wannan suna, ga kuwa hujjarmu.

Dafni aljanar ruwa ce, 'yar Feniyas, watau wani kogi na ƙasar Tasaliya wanda Yunanawa suka ɗauka abin bauta. Obid, mawaƙin Rum, ya kawo labarinta a kashi na 1 cikin 15 na waƙarsa ta rikiɗe-rikiɗe, wajen shekara ta 8 Miladiyya. Ya ce Afolo, ɗaya daga manyan allolinsu, ya yi wa Kufid, mai kula da so, ba'a. Kufid ya harbe shi da kibiyar zinariya mai sa so, ya harbi Dafni da ta dalma mai sa ƙi. Afolo ya bi ta, ta sheƙa a guje. Da ƙarfinta ya ƙare ta yi kururuwa, ubanta ya mai da ita itacen loral.

To, jama'a, ina soyayya a nan? Obid da kansa ya kamanta su da karen farauta da zomo. Wa ya taɓa jin zomo ya kira kare masoyi?

Waɗansu sukan ce laifin kibiya ne. Ai su biyu aka harba. In kibiya ta wanke mai bi, don me ba za a ji ta bakin mai ƙi ba?

Waɗansu kuma su ce ya ɗaukaka ta, tun da ya yi kambi da ganyenta, har ana naɗa wa zakarun wasannin garin Dalfi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Ita ta rasa ƙafa da murya, shi ya sami ado. Har bayan ta zama itace, in ji Obid, sai da ta noƙe da ya sumbace ta. Barnini, gwanin sassaƙa, ya gane wannan: a siffarta da ya gama a Rum cikin 1625, bakinta buɗe yake don firgita.

Ba mu ce ku bar karanta tatsuniyar ba. Ku karanta, amma ku kira ta da sunanta, fin ƙarfi. Samarinmu su lura, yarinyar da ta guje ka ta riga ta ba ka amsa.